Daga Ingila zuwa Gumel: a nan ma da hannu ake auna doki

Yaya, bayan gaisuwa, saƙonka ya iso. Ka ce in sayo wa Akawal linzami kafin hawan Sallah, faɗin bakinsa yatsa shida. Yatsun wa? Naka irin na mai riƙe garma, ko na Auta? Tambayar da matar shagon ta yi mini ke nan, na rasa amsa.

Ka san aikina a Newmarket kula da dawakin sukuwa ne, shara da wanka da ba su abinci. Ranar da na fara, mai gidana ya nuna wata goɗiya ya ce tsayinta hannu goma sha biyar da biyu. Na ce a raina, ashe har Turawa ba su rabu da awon kakanni ba. Na matsa zan ɗora tafina a ƙafarta in fara ƙirge, sai ya yi dariya ya ɗauko wata sanda mai lambobi da ɗan reshe a samanta. Ya kafa ta a ƙasa, ya sauke reshen daidai inda wuya ya haɗu da baya, ya karanta.

Hannun nasu ba na kowa ba ne. Inci 4 ne cif, wato santimita 10.16, an tsayar da shi haka tun zamanin Sarki Henry na Takwas. Kuma rubutun yana da tarko: in ka ga 15.2, ba sha biyar da ɗigo biyu irin na lissafin makaranta ba ne, hannu 15 ne da inci 2, jimla inci 62. Shi ya sa ba za ka taɓa ganin 15.4 ba, ya riga ya zama 16. Wanda bai wuce 14.2 ba kuwa ƙuru suke ɗaukarsa, ko da ya tsufa.

Na zauna da dare na mayar da shi awonmu don ka gane. In aka ɗauki ɗani a inci 9, kamu ɗani biyu ne, inci 18, hannunsu huɗu da rabi ke nan. Kamu biyu yadi ɗaya. Gaba, wadda masu haƙar rijiya ke ƙirga zurfi da ita, kamu huɗu ce, ƙafa 6, hannu 18. To goɗiyar nan kamu uku ce da ɗani guda, ba inci ɗaya. Je ka gwada Akawal, na tabbata bai kai ta ba, duk da kurin da kake yi da shi a kasuwar Maigatari.

Kyallen labulen Inna ma sai da ya ba ni kunya. Ta ce kamu takwas. Na shiga shago na ja kyalle daga gwiwar hannu zuwa ɗan yatsa ina ƙirgawa, mutane na kallona. A nan da mita ake yanka, kuma mita ta fi yadi da santimita 8 da 'yan kai. Kamu takwas yadi huɗu ne, mita 3.66. Matar ta shimfiɗa shi a kan tebur mai ma'auni a gefe, ta sa almakashi daidai kan layi. Na tsaya ina jiran gyara. Ko faɗin farce ba ta ƙara ba. Na tuna Kantin Kwari, inda in ka iya baki mai shago zai saki ɗani guda ya ce na ɗan kunne ne. Amma in faɗi gaskiya, a can ma na sha ganin mai gajeren hannu shi ake turawa ya yi awo. A nan ba a ƙara maka, ba a kuma rage maka. Ni dai har yau gyaran nake kewa.

Gatan doki kuwa ba a magana. Kowane yana da fasfo nasa, da ɗan ƙwayar lamba da aka dasa masa a wuya. Maƙeri na zuwa har barga duk bayan 'yan makonni ya gyara kofato ya sake takalmi. Wani abin dariya, a gwanjon dawaki na Tattersalls har yanzu da gini ake kiran farashi, wani tsohon kuɗin Ingila da ba a kashewa a ko'ina yanzu, kowace ɗaya fam guda da kwabo biyar.

Batun linzamin, ka sani nasu mai laushi ne, ƙarfe biyu a haɗe a tsakiya, ba shi da zoben da ke kama haɓa irin namu. Ba zai tsayar da Akawal cak a gaban Sarki wajen jafi ba, amma ba zai fasa masa baki ba. In har kana so, sa zare a bakinsa, ka ƙulla a gefe da gefe, ka kai wa tela ya ɗora a kan tef ɗinsa, ka turo mini da inci. Ka gaida Inna, ka ce mata labulen yana hanya.