Hattara da mai yawo da sunan tallafin taki, ni ya cinye min dubu 138

Jama'a, kwana tara ke nan ina juya maganar nan a raina, kunya ta hana ni faɗa. Naira dubu 138. Kuɗin shinkafar da na sayar don in shiga noman alkama, da dubu 46 na matar marigayi yayana da ta ba ni amana.

Kada wanda ya ce min wauta ce. Ni ba yau na fara karɓar tallafi ba. Lokacin GES, shirin tallafin taki na gwamnatin tarayya, zamanin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, saƙo ya shigo wayata, na je na biya rabin kuɗi na ɗauko buhu biyu da hannuna. A 2023 ma da aka ƙaddamar da noman alkama na rani a nan Jigawa, tsarin ke nan, gwamnati rabi manomi rabi. To mutum ya zo ya faɗa maka abin da ka riga ka sani, da me za ka ƙaryata shi?

Ranar Juma'a mai tallafin takin ya zo, bayan an sauko daga masallaci. A'a, Juma'a na biya, zuwansa na farko ranar kasuwa ne. Riga mai tambari, kati a wuya, ƙatuwar waya yana ɗaukar hoton mutane. Har gona ya bi ni cikin rana, ya taka iyakarta yana cewa yana auna hekta. Wane ɓarawo ne zai bi ka fadama? Ya ce, "Baba Alhaji, yuriya da NPK da iri duk suna sito, amma ranar Litinin za a rufe rajista." Ni kuma na san alkama ba ta jira, in lokacin shuka ya wuce maka sai dai baɗi.

Wajen mai POS ne abin da ya hana ni barci ya faru. Yaron ya karanto sunan da ya fito, sunan mutum ne, ba na kamfani ba. Ya ɗago ya dube ni, "Baba, in tura?" Na tambayi mutumin, wallahi na tambaya! Ya yi murmushi ya ce asusun dilan taki ne. Na ce tura. Da bakina na ce tura. Dubu 138.

Na manta, kafin nan ya karɓi dubu 3 na fom a hannun kowa, mun fi mutum ashirin, ya rubuta BVN ɗinmu. Wasu har lambar da ta shigo wayarsu suka karanta masa.

Litinin muka yi hayar kurkura zuwa inda ya ce za a yi rabo. Shago a kulle, maƙwabta sun ce gawayi ake ajiyewa a ciki. Wayarsa a kashe har yau, mutum ya yi layar zana.

Rasit ɗin POS yana hannuna, da hoton katinsa da ɗana ya ɗauka. Da dare zan saka su.

Kada ku biya sai kun ga buhu a gabanku, kada ku ba kowa lambar da ta shigo wayarku.

Matar yayana ta aiko jiya tana tambaya ko takin ya iso. Na ce a ce mata ba na nan. Allah ya isa.