Disk Management na Windows: ya isa raba faifan laftof, amma da sauran gyara

Yawancin laftof ɗin hannu da ɗalibai ke saya a Bauchi, ko a shagunan wajen Wunti ko a hannun abokai a Yelwa da Gwallameji, da fatishin ɗaya suke zuwa, wato duk faifan ajiya yanki guda ne mai suna C. Windows na nan, manhajoji na nan, furojet da hotunan biki ma duk nan. Ranar da Windows ta ƙi tashi aka ce sai fomatin, komai ya bi ruwa. Dalilin yanko yanki na biyu, wato D, don ajiye fayiloli ke nan, kuma aikin bai kai a je shago ko a ɗora wata manhajar sata ba. Disk Management da ke cikin Windows 10 da 11 yana yinsa kyauta.

Danna maɓallin Windows tare da X, ka zaɓi Disk Management. Danna C da gefen dama na linzami, ka zaɓi Shrink Volume, wato rage girmansa. A megabayit yake lissafi, don haka mai son gigabayit 100 sai ya rubuta 102400. Wurin da aka yanke zai fito da baƙin layi, an rubuta Unallocated. A kansa za ka zaɓi New Simple Volume, ka ba shi harafin D, ka bar tsarin fayil ɗinsa a NTFS. Ko sake kunna kwamfutar ba a yi.

Wajen girma ne mutane ke cutar kansu. Faifai mai gigabayit 500 kusan 465 yake nunawa, SSD (faifan zamani mai sauri) mai 256 kuma kusan 238. A kan irin wannan SSD a bar wa C aƙalla 120, domin Windows 11 kaɗai 64 take nema, sabuntawa kuma kullum ci take. Mai 128 kuwa ya haƙura da rabo.

Babban aibin Disk Management shi ne rowa. Sai ka ga C na da sarari 300 amma ya ce 40 kawai zai bayar. Ba lalacewa ba ce: akwai fayilolin Windows da ba ya iya gusarwa, irin su pagefile.sys da hiberfil.sys da ajiyar System Restore, kuma ba ya yanka ya wuce inda suke zaune. A kashe System Protection, a buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa a rubuta powercfg /h off, a dakatar da pagefile, a sake kunnawa. Galibi sararin yana buɗewa. In an gama a mayar da su yadda suke, kada a manta.

Sai tarkon tsofaffin HP na zamanin Windows 7. Faifansu na tsohon tsarin rabo ne mai suna MBR, wanda fatishin huɗu na asali kawai yake ɗauka, kuma kamfani ya riga ya cike su: SYSTEM, C, RECOVERY da HP_TOOLS. Ka nemi na biyar, sai ya tambaya ko a mayar da faifan wani tsari da ake kira dynamic. A ce a'a. Dawo da shi da kayan Windows sai an goge duk fatishin ɗin. Faifan GPT, wato sabon tsarin, ba ruwansa da wannan, har fatishin 128 yake ɗauka.

Disk Management ba ya kuma iya matsar da fatishin. Extend Volume, maɓallin ƙara girma, na aiki ne kawai in sararin banza na manne da C ta dama. In D ya shiga tsakani, maɓallin ya mutu ke nan. Nan ne manhajoji irin su MiniTool Partition Wizard ko AOMEI suka fi shi, domin suna iya matsarwa. Sai dai matsarwa na ɗaukar lokaci, kuma laftof mai mataccen batir in aka ɗauke wuta ana tsaka da ita, fayiloli na iya salwanta. A fara kwafe muhimman abubuwa a filas ko faifan waje, domin C da D faifai ɗaya ne, in ya mutu tare za su tafi.