Shagon da ya ɗinka min kayan yaƙin jarumin labarina a Tudun Wada

Tun ranar da na saki hoton bangon sabon labarina mutane ke ta turo min saƙo wai ina na samo kayan da ke jikin jarumin, wasu ma cewa suke kwamfuta ce ta zana, toh wallahi ba kwamfuta bace, ƙanena ne a ciki, kuma kayan ɗinka su aka yi a nan Kaduna, wani ɗan shago ne a Tudun Wada idan ka bi ta bayan Kasuwar Bacci. Bari in faɗi yadda muka yi da su, daɗin da rashin daɗin duka, don wanda zai je ya san abinda zai tarar.

Labarin nawa na wata duniya ce da na ƙirƙira, mutanenta a kan duwatsu suke zaune, abokan gabarsu kuma mahaya kuraye ne masu kawo hari da daddare. Da zan je shagon hotuna na tafi da su a waya, irin na wasannin kwamfuta ɗin nan da zaka ga mutum ya rufe jikinsa ruf da farantan ƙarfe har ido ba a gani ga mayafi yana jan ƙasa. Mai shagon dattijo ne, asalinsu dukawan Zariya ne, kayan doki yake yi tun yana saurayi, yanzu shi da yaransa biyu suna haɗa ɗinkin fata da na yadi. Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo sannan yace "Samari, wannan mutumin a wace ƙasa yake yaƙi?" Nace Baba ai ƙirƙirarren labari ne, babu ƙasar a duniya. Yace "To ai ko a tatsuniya rana na fitowa, kuma mutum na gumi. A doki yake ko a ƙasa? Da rana ko da dare? Da me ake harbinsa?"

Mun fi awa ɗaya a kan bencin nan bai ɗauko tef ɗin awo ba, tambaya kawai yake ina ba shi amsa, wasu ma a wurin na fara tunaninsu don ban taɓa rubuta su a labarin ba. Wannan zaman shi ne abinda yafi burge ni da shagon gaba ɗaya, don tela nawa ne zai tsaya ya tambayeka dafin da ke bakin kibiyar abokan gabar jaruminka? Shi ne ma ya tuna min da ƙwanƙwani, tsiron da mafarauta da mayaƙan da suke haɗa dafin kibiya da shi, yace idan kibiya mai dafi ce toh ko ƙwarzane ta yi an gama, don haka abinda ake so shi ne ta maƙale a tufafi kar ta taɓa fata. Daga nan muka ajiye maganar farantan ƙarfe muka koma lifidi.

Ga wanda bai sani ba, lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa audugar rimi a bi ta da ɗinki gida-gida, doki da mahayinsa duk ana sa musu, kuma ba sabon abu bane a ƙasar Hausa, tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Kanajeji da ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410 shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Har gobe idan ka je hawan sallah a Zariya zaka ga 'yan lifidi da 'yan sulke a tawagar sarki, kuma nan Kaduna ɗin da muke ciki an yi babban hawa a 1956 da Sarauniyar Ingila ta zo, an sake yi a 1977 lokacin FESTAC, wato bikin al'adun baƙar fata na duniya, amma duk da haka mu marubuta in za mu siffanta jarumi sai mu tafi can Turai mu aro masa kaya, abin na damuna gaskiya, don namu yana nan a gabanmu kuma ya fi dacewa da zafin ƙasarmu.

Lifidin da Baba ya yi ba irin na mahaya bane mai nauyin nan, tunda jarumina a ƙasa yake yana hawan dutse sai ya yanka shi kamar 'yar shara, babu hannu, iya cinya, ya tsaga gefe biyu don ƙafa ta sake. Yadin waje saƙi ne da aka rina da baba har ya koma kusan baƙi, yace mai yaƙin dare baya sa fari. Ɗinkin gida-gidan nan da hannu aka yi, na juya cikin na duba layi-layi ban ga inda zare ya tsallake ba, audugar kuma bata taru waje ɗaya ba ko da muka naɗe rigar muka cusa a jaka. Kafaɗu da wuya ya bi su da jar fata, wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, in ka shinshina ƙamshin fatar nan kaɗai ya isa ya kaika wani zamani. Yana miƙo min ya ƙara da cewa "ka sani fa maganin lifidi wuta ne, kibiyar wuta in ta kama audugar nan mai rigar sai dai Allah", wannan maganar sai da ta zama babi guda cur a labarin.

Takobin na katako ne don hoto kawai za a yi, amma kuben fata ne na gaske, kuma ya rataya shi da hamila a kafaɗa yadda namu suke yi ba a ƙugu ba. Garkuwar fatar bijimi ce ninki biyu, tayi tauri har in ka ƙwanƙwasa sai kaji kamar ƙofa. Kwalkwalin gwangwani ne daga ciki an naɗe shi da tsumma da fata an zagaye da baƙin rawani. Na so a rataya masa ƙararrawa irin ta dawakin hawa Baba yaƙi, yace mai kwanton ɓauna baya yawo da abinda zai tona shi. Layun da ke ƙirji kuwa sai da ya kira ni gefe ya faɗa min babu rubutu a ciki, auduga ce kawai ya ɗinke, don baya so a sa sunan Allah a kayan da za a riƙa jefarwa a ƙasa wajen ɗaukar hoto. Na ji daɗin wannan sosai.

Yanzu inda aka ɓata min rai. Sati 3 aka ce min, sai da aka yi sati 6, na je shagon sau huɗu ana ce min jibi, waya kuma in ka kira ba lallai a ɗauka ba, har mai hoton da na riga na ba kafin alƙalami ya fara ƙorafi. Na biyu shi ne sulken da aka haɗa min cikin kayan, wato rigar zobban ƙarfe. Ba su suke yi ba, wani maƙeri suka ba a Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe ta Kaduna, zobban kuma lanƙwasa waya aka yi aka haɗa baki ba tare da an ɗame su ba, ƙanena na ɗaga hannu da ƙarfi guda biyar suka buɗe a hammata, ga shi lokacin damina ne kwana kaɗan tsatsa ta fara fitowa ta ɓata farar taguwar da ke ƙarƙashi. Da na mayar Baba bai yi musu ba, ya sa aka gyara kyauta ya ce in riƙa goge shi da yashi ina shafa mai, amma dai ni a ganina sulken bai kai darajar sauran kayan ba, da na sani da lifidin kaɗai na tsaya. Sannan rinin lifidin yana zuba, ƙanena wuyansa da damatsansa shuɗi suka yi ranar farko, wannan kam halin rinin gargajiya ne amma ya kamata a ce an gaya min tun farko in sa masa baƙar riga a ciki.

Kuɗin ba kaɗan bane, ya kai na babbar riga biyu masu aikin hannu, rabi ake bayarwa kafin a fara. In wasan makaranta zaka yi na rana ɗaya gara ka je kayi haya wajen masu kayan fim, amma in kai marubuci ne ko mai zane ko mai shirya fim da kake so kayan su yi magana da kansu, toh ka je, sai dai ka ƙara sati uku a kan duk ranar da aka yanka maka, kuma ka tafi da labarinka a kanka don tambaya zaka sha.

Abokaina sun so mu ɗauki hoton a gidan nan na Kajuru da wani Bajamushe ya gina mai kama da fadar sarakunan Turai na da, nace kayan nan ba su dace da can ba, muka tafi dutsen Kufena a Zariya da sassafe kafin rana ta yi zafi. Ƙanena ya hau dutse ya sauko yafi sau goma lifidin bai hana shi motsi ba, gumi dai ya yi ba kaɗan ba. Wasu Fulani makiyaya da suka zo wucewa sai da suka tsaya suna tambayar ko ɗan sarki ne. Jiya na koma shagon da maganar kayan sarauniyar mahaya kurayen, Baba yace in fara zuwa in gano masa yadda ake zama a bayan kura, da sirdi ko babu, don shi ne zai nuna irin wandon da za a yanka.