Sharhi kan dandalin IBM Quantum wajen gwada ƙa'idar Leggett da Garg

Tun 2016 kamfanin IBM ya ba jama'a damar aika aiki ta intanet zuwa kwamfutocinsa na kwantum, kuma a ganina wannan hidima ta fi yi wa ɗalibin fizik rana wajen gwada dangantakar da ke tsakanin awon da aka yi wa abu guda a lokuta daban-daban. Anthony Leggett da Anupam Garg ne suka tsara gwajin a 1985. Sun nuna cewa idan abu yana da tabbataccen hali a kowane lokaci, kuma ana iya auna shi ba tare da an sauya shi ba, to idan aka haɗa dangantakar awo na farko da na biyu da ta na biyu da na uku, aka debe ta na farko da na uku, sakamakon ba zai wuce 1 ba.

Da manhajar Qiskit, wadda kyauta ce, kiyubit ɗaya, watau mafi ƙanƙantar ma'ajiyar bayani a kwamfutar kwantum, ya isa. Ana juya shi da digiri 60 tsakanin kowane awo da na gaba, inda lissafin kwantum ke ba da rabi, da rabi, da rabi a ƙasa da sifiri ga dangantakokin uku; idan aka haɗa biyun farko aka debe ta ukun sai a sami 1.5, wanda ya wuce iyakar 1. Abin da ya fi burge ni shi ne cewa na'urorin suna karɓar awo a tsakiyar aiki, su ci gaba da sarrafa wannan kiyubit ɗin bayan an auna shi, domin ba tare da haka ba gwajin ba zai tafi kai tsaye ba.

Tsarin kyauta yana ba da minti 10 a wata, kuma akwai jiran layi, amma ƙaramin aiki irin wannan ba ya cin lokaci. Kura-kuran na'ura sukan rage sakamakon daga 1.5, wanda hakan ma darasi ne ga mai koyo.

Sai dai dole mai amfani da dandalin ya yi hattara da fassara. Awon da na'urar ke yi yana taɓa kiyubit ɗin sosai, saboda haka mai shakka zai iya cewa awon ne ya sauya abin, ba wai abin ba shi da tabbataccen hali ba. Toshe wannan kafa yana buƙatar dabarar da ake riƙe sakamakon lokutan da na'urar awo ba ta gano komai ba kaɗai, kuma mai gwajin ne zai tsara ta da kansa.