Hattara da mai tallar kayan saukar da mota a Facebook, ni dai ya ci kuɗina

Assalamu alaikum jama'a. Na fi sati biyu ina jan ƙafa kan rubuta wannan abu don wallahi da kunya, mutum da gemunsa ace yaro ya wanke shi ta waya. Amma jiya na ga shafin mutumin ya canza suna ya ci gaba da talla da hotuna iri ɗaya, shi ne nace gara in faɗa, musamman ga masu wasa da tsofaffin motoci a gida irina.

Akwai wata tsohuwar akori-kura Toyota Hilux ta marigayi babanmu, ƙirar nan da aka yi tsakanin 1978 da 1983, mai ja da tayoyin baya kawai, injin 12R. Ta fi shekara goma a kwance a bayan gida nan Kaduna, kaji na ƙwai a cikinta, tsatsa ta ci ƙasan ƙofofi da bodin baya har kana hango ƙasa ta ciki. 'Yan gwangwan sun zo tayi ya fi sau biyar na hana. Bara na jawo ta cikin gareji na fara taɓawa duk Asabar, kuma tun farko burina in sauke ta ƙasa kaɗan irin yadda 'yan Amurka ke yi wa ƙananan akori-kurarsu, na ga abin a YouTube ya shiga raina. Na san za a ce kowa na ɗaga mota saboda ramukan titi kai kana saukarwa, eh na ji, maƙwabta ma sun faɗa sun gaji, ba kasuwa zan kai ta ɗaukar buhu ba.

Bari in yi bayanin aikin don a gane inda aka cuce ni. A irin wannan Hilux ɗin aksil na baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, a saman sifirin yake zaune, to in kana so bayan ya sauka sai ka sa wani dunƙulen ƙarfe tsakanin aksil da sifirin, in kaurinsa inci 2 ne motar ta sauka inci 2, in 3 ne ta sauka 3. Dunƙulen dole ya zama cikakke mai ƙwari, da ɗan kai a gefe ɗaya da rami a ɗaya gefen don ya zauna daidai kan notin tsakiyar sifirin kada aksil ya zame, sannan sai sababbin yubolt, wato ƙarafan ɗauri masu siffar U, masu tsawo da za su ɗaure komai. Gaba kuwa babu sifirin mai naɗi a motar nan sam, sandar ƙarfe ce doguwa da ake murɗawa, sunanta toshan ba, kana sassauta notinta gaban ya sauka. Ku riƙe wannan maganar ta gaba, za mu dawo kanta.

Na zaga Panteka ban samu dunƙulen ba, wani ma dariya ya yi mini. Sai na ci karo da shafin nan, hotuna tas-tas, kaya a kwali da leda, an rubuta daga Amurka aka shigo da su. Na yi masa magana ya ce mu koma WhatsApp. Bakinsa kamar zuma, ranka ya daɗe, Alhaji, yallaɓai, ni da ko Umara ban taɓa zuwa ba. Nace kana da na tsohuwar Hilux, yace akwai. Nace inci 3, yace akwai. Bai tambaye ni shekarar motar ba, bai tambayi faɗin sifirin ba, bai ce in auna kaurin aksil ba, komai na faɗa akwai ne. A lokacin daɗi na ji, nace yau na samu wanda ya san abin.

Ya ce saitin gaba ɗaya naira dubu 185, dunƙule biyu na alminiyam, yubolt huɗu sababbi, da gajerun sifirin masu naɗi na gaba guda biyu. Kun ji ko? Sifirin mai naɗi na gaba, a motar da ba ta da wurin sa shi. Ni da na kwana ƙarƙashin motar nan na san toshan ba ce a gabanta, amma zumuɗi ya rufe mini ido, nace a raina ƙila kyauta ce ya haɗa. Nan ya kamata in tsaya.

Na nemi mu yi bidiyo kol ya nuna mini kayan, yace netwok ɗin shagon ba kyau, ya turo wani gajeren bidiyo da ba fuska ba murya, hannu ne kawai ke juya kwali. Nace a aiko in biya in kaya sun iso, yace an sha cin amanarsa a haka, har da rantsuwa, in ba da dubu 100 kafin alƙalami. Lambar akawun da ya turo sunan mace ne a kai, yace matarsa ce. Na tura. Bayan kwana uku ya kira wai kayan na hannun mai kiliyarin sai an cika dubu 35, nace ba ka ce suna shago ba? Yace wancan saitin wani ya riga ni, wannan sabon shigowa ne ya ma fi kyau. Na tura. Sai kuɗin webil dubu 12. Na tura wannan ma, don in ka riga ka zuba dubu ɗari a rami gani kake ƙara goma ne zai fito da ita.

Abin da ya bambanta wannan da sauran 'yan damfara shi ne ya aiko da kaya. Eh, kwali ya iso tashar Mando, yaron mota ya kira ni na je na karɓa har ina jin na zarge shi a banza. Da na buɗe a gida sai na ga abu biyu masu fentin azurfa suna ƙyalli, da yubolt huɗu baƙaƙe, sifirin gaba kuwa babu, wai suna tafe. Cikon dubu 50 yake ta kira in tura tunda kaya sun iso.

Allah ya taimake ni ban ɗaura a daren ba don jak ɗina na hannun wani. Washegari na kai wa wani dattijon bakanike da ya yi wa babanmu aiki shekara da shekaru, Baba muke ce masa. Ya ɗauki dunƙulen ya jinjina a hannu, ya ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar sifika ya manna, abu ya kama caraf. Yace ɗana, alminiyam ba ya kama mayen ƙarfe. Ya sa guduma ya buga gefe ɗaya sai fila ta fashe ta zubo. Ashe bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu irin wanda masu walda ke yin ƙofa da shi, siriri, an yanka an toshe bakin da filar bodi an fesa fenti. Cikinsa fayau. Ɗan kan da zai riƙe aksil kuwa noti ne aka ɗiga wa walda sau ɗaya, da filaya Baba ya cire shi. Yubolt ɗin tsofaffi ne na wata motar daban, da ya kankare fentin tsatsa ce a ƙasa, zaren ya cinye, kuma ko tsawon ba su kai ba.

Nace Baba da na ɗaura fa? Yace da ka ɗaure noti bututun zai fara lotsewa, ka hau titi ka faɗa rami ɗaya ya ƙarasa, yubolt su saki, aksil ya goce baya, farfela ta zare ko tiyon birki ya tsinke, kana kan gudu. Ya ƙara da cewa ko yubolt ɗinka na asali in ka kwance ba a so a mayar, don zaren ya riga ya miƙe, balle na bola. Jikina ya yi sanyi, don niyyata ranar gwaji in ɗauki yarana mu zaga unguwa.

Na kira mutumin na tura masa hoton, da farko yace yaransa ne suka yi kuskuren kwali, zai canza in na cika dubu 50 ɗin. Da nace a dawo mini da kuɗina sai ya ce ai kaya sun iso hannuna, yana da shedar webil, in je duk inda zan je. Daga nan ya yi bulokin ɗina. Kun ga amfanin kwalin a wurinsa kenan, ya samu abin cewa ciniki ne aka yi ba damfara ba. Na kai ƙorafi bankina da duk risit da hirarmu ta WhatsApp, na kuma kai rahoto wurin 'yan sanda, ana kai. Wani ƙanena ya saka hotunan shafin a binciken hoto na Google, sai ga su a shafukan masu sayar da kaya na ƙasar waje, ɗauka kawai ya yi, har bidiyon hannun ma ba nasa ba ne.

Ba zan sa suna ko lamba a nan ba tunda magana na hannun hukuma, kuma sunan ma canzawa yake kamar riga. Ku dai gane shi da halinsa. Duk abin da ka tambaya akwai, ba ya tambayarka awo, ba ya yarda da bidiyo kol, sunan akawun daban da na shafi, an rufe wurin kwament, kuma kuɗin kashi-kashi yake karɓa kowanne da sabon labari. In mutum yace alminiyam ne, ce masa ya manna mayen ƙarfe a gabanka a bidiyo, ya sa tef ya auna, ya juya maka ramin da kan. Kuma ka jefa masa tambayar tarko, ka tambaye shi abin da ka san motarka ba ta da shi, in yace akwai ka kama gabanka.

Motar dai tana nan a kan ƙafafun ƙarfe, na daina ɗora ta kan bulon siminti tun da Baba ya yi mini faɗa. Ya kuma sa na bi shasin da guduma, muka samu wurin da maratayin sifirin na baya ya ruɓe ta hagu, yace babu maganar saukarwa sai an yanke an yi waldar wannan tukuna. Dunƙulen kuma zai kai ni wurin mai injin gurza ƙarfe a yanka mini daga cikakken ƙarfe, inci 2 yace ba 3 ba, saboda tudun rage gudu na layinmu. Bututun nan guda ɗaya na ba 'yan sanda, ɗayan na ajiye a gareji, wanda ke Kaduna yake son gani da idonsa ya yi mini magana ta inbok.