Rediyo mai sola a majalisar Kawu

Masu tambayata ko 'yar rediyon nan mai sola da ta cika shagunan Sabon Gari tana da kyau, ku saya, amma ku murɗa gajeren zango a gaban mai shago kafin ku miƙa kuɗi. Wasu daga kwali suke fitowa kurame ta wannan ɓangaren. Ni na saya wa kawuna ne gab da zaɓen 2023, lokacin da takardar naira ta yi ɓatan dabo, sai taransifa na yi muka zauna jiran alat ni da yaron shago. Ƙirar Chana ce, sunan da ke jikinta ma ba wanda ya san shi. Akwai farantin sola a bayanta kamar tafin hannu, da tocila a gefe, da ramin memori, da wurin cajin waya.

Garinmu can bayan Bichi yake, sai an sauka daga kwalta. Wutar lantarki sai dai a ga turaku. A da, duk ranar kasuwa sai Kawu ya sayi batir. Yanzu da safe yake ɗora ta a kan rumbu, kafin la'asar ta ƙoshi, ta kai shi har bayan shirye-shiryen siyasa na dare. Tashoshin FM na Kano suna shiga raɗau in an zaro eriya duka an karkata ta wajen birni. BBC ta safe ma tana kamawa, sai dai ta yamma tana yawan zamewa, dole hannu na kan maɓalli.

Aibinta uku ne. Eriyar ba ta da ƙwari, ta Kawu ta karye tun damina ta farko, wani mai faci ya ɗaura mata wayar keke. In hazo ya sauko, caji ba ya cika. Wurin cajin waya kuwa ado ne kawai: ka jona waya, rediyo ta mutu kafin isha'i, wayar ma ba ta tashi ba.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda ta mayar da ƙofar gidan Kawu majalisa. Shi tsohon ɗan jam'iyyar PRP ne, mai alamar makulli, tun zamanin da Abubakar Rimi ya ci gwamna a 1979, kuma har gobe in ya ce "Malam" to Malam Aminu Kano yake nufi. Daga baya ya ɗora jar hula. Maƙwabcinsa ɗan tsintsiya ne, ba don wata aƙida ba, ɗansa ne ya samu aiki ta hannun wani kansila. A gari irin namu ba mutum ɗaya ke shiga jam'iyya ba, gida ne ke shiga. Unguwar maƙera da gidan sarkin noma ba su taɓa dangwala wa abu ɗaya ba, kuma asalin abin rigimar iyakar gona ce da ta girmi duk jam'iyyun nan. Rediyo dai ta ƙara musu makami. Abin da sojojin baka suka faɗa da dare, da shi za a yi musu gobe a gindin darbejiya, har da kwaikwayon murya.

Ganin wannan zafi, na ɗauka ranar zaɓe layi zai kai bakin rafi. Ranar 18 ga Maris, zaɓen gwamna, ina wajen. Rumfarmu tana firamaren garin da ke gaba da mu, tafiyar ƙafa ce mai ɗan nisa. Tsofaffi ne suka yi sammako. Na ga na'urar tantance masu zaɓe, wato BVAS, ta ƙi karɓar yatsan Kawu saboda kantar fartanya, malamar zaɓe ta goge, ta sake gogewa, daga ƙarshe ta ce, "Baba, ɗago fuskarka," ta ɗauke shi hoto, sannan ya wuce. Mata sai bayan azahar suka fara fitowa jefi-jefi, bayan an sauke tukunya, wasu ma sai da aka aika mota. Samari kuwa babu su. Zaɓe yana faɗowa ne tsakiyar rani, su kuma suna Legas da Abuja da Fatakwal wajen ci-rani, katinsu na gida, kuɗin mota babu, ga dokar hana zirga-zirga ranar zaɓen. Da yawa cikin masu ɗaga murya a majalisa ma ba su leƙo ba. Na tambayi ɗaya, ya ce shi ya riga ya san wanda zai ci, ya ji a rediyo.

Ba mu kaɗai ba ne. Kano tana da masu rajista sama da miliyan 5.9, amma Abba Kabir Yusuf ya ci ne da ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Gawuna ya samu 890,705. Ka haɗa ka gani, kusan mutum ɗaya ne cikin uku ya fito, a jihar da ake cewa siyasar Kano sai Kano.

Nan fa rediyon ta biya kuɗinta. Daren Lahadi ana ta kawo sakamakon ƙananan hukumomi 44 ɗaya bayan ɗaya, aka rage mata murya don a tattala caji, kuma ta kai safiyar Litinin da aka sanar, ba ta ɗauke ba. Na ce, "Kawu, a kashe ta huta mana." Ya ce, "Kai ɗan nan, je ka kwanta, ita ba ta ce ta gaji ba."

In za ku saya, ku guji mai fitilu masu walƙiya da babbar lasifika, cin caji gare ta. Ku ɗauki mai murɗawa da hannu, ba mai dannawa ba, don tsoho ba ya ganin ƙananan lambobin nan da dare. Ku kuma roƙi mai shago ya buɗe bayanta ku ga batirin irin wanda ake cirewa ne, domin in ya mutu ana samun irinsa a wajen masu gyaran waya na Farm Centre.