Zafin Injin Mota Mai Ƙwanji: Wasiƙa Daga Hustan Zuwa Garejinmu Na Kano

Ranka ya daɗe, Maigida,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da yaran gareji baki ɗaya, na rubuto ne domin in amsa tambayar da ka yi mini ta waya, wato ko Amurkawa ma suna fama da motar da ke yin zafi kamar yadda muke fama a watan Afrilu. Suna fama ƙwarai, domin Yuli da Agusta a nan Hustan ta jihar Tekzas ba su da sauƙi, ga rana ga gumi, ga cunkoson motoci a kan babbar hanyar I-10 da yamma. Amma inda na fi ganin matsalar shi ne a wani rukunin motoci da ban taɓa sa wa sifana ba sai da na zo ƙasar nan.

Sunan da suke kiran su da shi, idan aka mayar da shi Hausa, shi ne mota mai ƙwanji. Tsofaffin motoci ne masu ƙofa biyu da ƙaton inji mai silinda takwas, waɗanda suka yi tashe tun daga 1964, shekarar da Pontiac GTO da Ford Mustang suka fito, har zuwa farkon shekarun 1970 lokacin da tsadar fetur da dokokin rage hayaƙi suka karya lagonsu. Masu su a yau yawanci dattawa ne da suka yi ta kallon su tun suna samari, sai yanzu aljihu ya ba su dama, kuma da wuya ka samu wanda ya bar injin yadda kamfani ya ƙera shi. Wani zai faɗaɗa ramin silinda ya canza karanshaf, har injin Chevrolet da ake kira 350, mai lita 5.7, ya ƙara girma ya koma 383. Wani zai sa tof silinda na alminiyam da babbar kafireto, sannan ya ƙara na'urar sanyaya ciki wadda motar ba ta zo da ita ba. Lissafin da ake koyarwa a nan shi ne, a duk fetur ɗin da inji ya ƙona, kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke zama ƙarfin tafiya, kashi ɗaya ya bi salansa, ragowar kuma ya rataya a wuyan lagireto. Don haka wanda ya ƙara wa inji ƙarfi ya bar lagireton 1970 a wurinsa, ya ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Kafin in shiga labarin, bari in faɗi lambobin, domin da su ake magana a nan, ba da tafin hannu a kan bonet ba. Ma'auninsu Faranhait ne, amma zan haɗa maka da Salshiyas da muka saba. Irin wannan inji, idan yana tafiya tsakanin digiri 180 da 210, wato 82 zuwa 99 a namu, lafiyarsa ƙalau. Idan ya hau 220, wato 104, a cikin cunkoso da na'urar sanyi a kunne, sannan ya sauko da zarar hanya ta buɗe, babu mai tayar da hankali. Sai ya wuce 230, wato 110, kuma allurar ta ƙi tsayawa, sannan ake neman gefen titi. Na san za ka ce ai ruwa a 100 yake tafasa. Haka ne a tukunya, amma ruwan lagireto yana ƙarƙashin matsin murfi, kuma rabinsa maganin sanyaya inji ne. Murfi mai matsi 15 ko 16 a awonsu, wanda ya yi kusa da lambar 1.1 da muke gani a murfin Toyota da Honda, yana kai wannan haɗin har wajen digiri 129 a namu kafin ya tafasa. Ashe murfin nan da yaranmu ke maye gurbinsa da duk wanda ya shiga wuyan lagireto, wani lokaci har da ɗaurin leda, yana cikin manyan ma'aikatan inji.

Motar da ta koya mini wannan darasi Chevelle ce ta 1970, ja, mai inji 454, wato lita 7.4, ta wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin matatar mai. Ya zo yana ƙorafin cewa a kan buɗaɗɗiyar hanya allura ba ta wuce 190, amma da ya tsaya a danja sau biyu sai ta doshi 235. Kafin ya zo wurinmu ya riga ya kashe ɗaruruwan daloli a kan sabon lagireton alminiyam, ya kuma sa tamostat mai lamba 160, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan zafi ya kai digiri 160, da tunanin cewa ƙaramar lamba ita ce sanyi. Ni kuwa, da ilimin da na taho da shi daga gida, sai na ce wa mai garejin da nake aiki a nan a cire tamostat ɗin gaba ɗaya a haɗa fanka kai tsaye. Bai yi mini dariya ba, amma kallon da ya yi mini ya ishe ni. Ya ɗauko takarda guda ya ɗora a gaban lagireton, injin yana aiki motar tana tsaye, sai takardar ta zame ta faɗi ƙasa. Fankar tana juyawa da ƙarfinta, amma tana nesa da lagireton da kusan taƙi guda, kuma babu kwandon da ke kewaye ta, saboda na asali bai dace da sabon lagireton ba aka jefar da shi. Iskar da take ja ta gefe take shigowa, ba ta ratsa lagireton ko kaɗan.

Daga nan ya gaya mini ƙa'idar da nake aiki da ita har yau. Motar da ke zafi a tsaye ta huce a guje, iska ce ba ta ishe ta ba, sai a duba fanka da kwandonta. Wadda ke lafiya a tsaye ta yi zafi a guje, ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata ko lagireton ya yi mata kaɗan, sai a duba famfon ruwa da toshewar bututu da tiyon ƙasa, wanda yakan tsuke idan inji ya ɗau gudu. Tamostat kuwa ba ya hana zafi hawa; aikinsa kawai ya riƙe ruwa har inji ya kai zafin da yake bukata, sannan ya buɗe. Da ya buɗe ya gama nasa, ko 160 ne ko 195.

Gyaran da muka yi wa Chevelle ɗin bai kai rabin kuɗin lagireton ba. Mun samo kwandon da ya dace, muka daidaita shi yadda rabin fiffiken fankar yana ciki rabi yana waje. Mun gwada murfin da famfon gwaji muka tarar yana sakin matsi tun bai kai rabin lambarsa ba, muka canza shi. Mun mayar da tamostat mai lamba 180. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne taimin: wanda ya ɗaura kafireton ya toshe ƙaramin tiyon iska da ke gaggauta wutar fulogi idan inji yana silo, don haka fetur yana ƙonewa a makare, zafinsa yana ƙarewa a jikin tof silinda da bakin salansa. Da muka mayar da tiyon, na auna da idona zafin ya sauka da digiri kusan goma. Na fita da motar da ƙarfe biyar na yamma cikin cunkoso, na'urar sanyi a kunne, allura ta tsaya a 205 ba ta ƙara gaba ba.

Game da kaya kuwa, Maigida, a nan ne bambancin ya fi fitowa fili. Motar da ta haura shekara hamsin, amma duk abin da na lissafa maka sabo muka same shi, wasu a ranar, wasu washegari. Akwai shaguna irin su AutoZone da O'Reilly da NAPA kusan a kowace unguwa, inda za ka faɗi shekarar mota da girman inji a duba a kwamfuta a miƙo maka, akwai kuma kamfanoni irin su Summit Racing da JEGS da sana'arsu ita ce kayan ƙara wa inji ƙarfi. Tamostat na yau da kullum ba ya wuce 'yan daloli, kuma lambar zafin da yake buɗewa tana buge a jikinsa. Idan ka saya bai dace ba, ka mayar da rasit a ba ka kuɗinka. Har famfon gwada matsin lagireto suna ba da aro: ka ajiye kuɗin jingina, ka yi aikinka, ka dawo da shi a mayar maka da kuɗinka cif. Na tuna yadda muke yawo a Ƙofar Ruwa da tsohon famfon ruwan Fijo 504 a hannu, muna gwada shi da na Baljiyom ɗaya bayan ɗaya, sai na yi shiru.

Sai dai kada a ɗauka cewa nan babu jabu. Na taɓa sayen fankar lantarki a intanet saboda arha, an rubuta a kwalinta ƙarfin iskar da ko rabinsa ba ta bayarwa, kuma ba ta yi wata biyu ba ta ƙone. Fanka ta gaskiya tana da tsada, tana kuma jan wuta sosai, har sai an sa mata rile da fis nata, wani lokaci ma a canza altaneta, domin na tsofaffin motocin nan bai san wannan nauyi ba.

A ɓangaren aikin hannu, mu ne a gaba, kuma ba don in faranta maka rai nake faɗa ba. A nan da awa ake cajin aiki, kuma gareji da yawa suna karɓar fiye da dala 100 a kowace awa, saboda haka babu mai zama ya kwance lagireto ya zura masa tsinke bututu bayan bututu ya sake like shi da dalma, kamar yadda mai lagireton bayan garejinmu yake yi kafin azahar. Masu wannan sana'a sun yi ƙaranci, kuma sababbin lagireto masu kan roba ba a ma yi su don a gyara ba. Cirewa ake yi a sa sabo. Matasan makanikai da yawa sun ƙware a na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta, amma Chevelle ta 1970 ba ta da inda za a jona komai, sai kunne da hanci. Ranar da na saita kafireton da kunne kamar yadda ka koya mini a kan Fijo, mai garejin ya kira sauran yara su zo su gani.

Dangane da cire tamostat, na daɗe ina tunani a kai, kuma ban ga laifin waɗanda suka fara shi ba. Inda ake zuba ruwan rijiya ko na famfo a lagireto, tsatsa da gishirin ruwa sukan kama tamostat ya maƙale a rufe, kuma wanda ya taɓa ƙona gaskit a hanyar Zariya saboda wannan ba zai so ya sake ganin sa ba, balle idan na kasuwa ba abin yarda ba ne. Amma hasarar tana nan, a hankali take zuwa. Injin da bai kai zafinsa ba yana shan fetur da yawa, damshin da ke taruwa a cikin baƙin mai ba ya ƙonewa, ringi da silinda suna saurin cinyewa, musamman da sanyin hunturu. A motocin zamani masu kwamfuta abin ya fi muni, domin kwamfutar tana ganin injin bai ɗumama ba sai ta ci gaba da ƙara fetur. Wasu injinan kuma tamostat ɗin ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji, don haka idan aka cire shi wani ruwan ba ya ma zuwa lagireto. A ganina maganin yana wajen ruwa: a nan tataccen ruwa ake sayarwa a galan da kuɗi kaɗan, a haɗa shi rabi da rabi da maganin sanyaya inji. Su suna bukatar maganin saboda daskarewa, kamar yadda aka gani a Fabrairun 2021 da sanyi ya farfasa bututun ruwa a gidajen Tekzas, kuma haɗin rabi da rabi yana jure har digiri 37 ƙasa da sifili a namu. Mu ba mu da wannan damuwa, amma sinadarin hana tsatsa da ke cikinsa mun fi su bukatarsa. A gaya wa yara kuma guba ne mai zaƙi, kada a bar shi a buɗe inda awaki ko ƙananan yara za su kai baki.

Akwai wani ɗan'uwa da zai taho gida bayan Sallah, zan ba shi saƙo ya kawo maka: famfon gwada matsin lagireto da murfi, da ƙaramar na'urar auna zafi wadda ake haska jan haske a jikin ƙarfe ta nuna lamba, da tamostat guda shida na Corolla da Camry da Accord. Na'urar tana da maɓallin da ke mayar da ita Salshiyas, na riga na saita ta. Ina roƙon a fara gwada ta a kan motarka, a auna wuyan tiyon sama da na ƙasa bayan an yi tafiyar rabin awa, a turo mini lambobin biyu tare da lambar da ke jikin murfin lagireton.

Yaronka,
daga Hustan.